Farar Rigar Malam Sammani

Legas, watan Shawwal

Zuwa ga Gwaggona Hure,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin yi Sallah lafiya, ina yi wa Baba sannu da jiki, ina gaida Inna Jumma da ƙanwata Zulfa da duk mutanen gida. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gumin garin nan da ba ya barin mutum ya bushe.

Na san za ki ce ga waya, me ya kawo takarda? Ai kin san dalili. Wayar ta Zulfa ce, in na kira sai ta buɗe murya kowa ya ji, har maƙwabta ta kan katanga. Baba kuwa tunda ni ce 'yar fari, rabona a bakinsa bai wuce "lafiya lau" ba, sai ya miƙa wa wani wayar. Ina gabansa ma bai taɓa zama ya yi hira da ni ba, balle daga nesa. Tunda Dabo na garinmu ya fara kawo raguna Legas, na ce bari in riƙa ba shi takarda.

Zulfa ta ce an kai Baba asibiti a Kano, amma ta kasa yi mini bayani. Don Allah ki haɗo duk takardun da aka ba shi. Akwai wata likita da muke yi wa ɗinki, mutumiyar kirki ce, zan roƙe ta ta duba.

Sai maganar aikina. A gidan ɗinkin da nake, an ce kowannenmu ya fito da salon kansa. Na daɗe ina lalube, har ranar da aka kai mu wani gini inda ake nuna zane-zane. Gwaggo, ginin nan ba fenti, ba ado, siminti ne tsirara, sai wata doguwar tsaga guda ɗaya da haske yake shigowa ta ciki. A bango kuma an rataye wani ƙaton zane fari fat, da layi ɗaya tak a gefe. Abokan aikina suna ta dariya, ni kuwa na kasa motsi. Katangar zaurenmu na tuna ranar da aka gama yi mata sabon yaɓe, kafin yara su fara zana mata abubuwa da gawayi. A nan na ce haka nake so tufafina su zama: a cire duk abin da za a iya cirewa, a bar yadi da yanka su tsaya da ƙafarsu.

Yadin kanti ba zai iya wannan ba, don ba shi da abin nunawa in an tuɓe masa ado. Saƙar Baba nake so, fara, wadda ba ratsi ko ɗaya. Ni ba zan iya roƙonsa ba. Ke ce yayarsa, ke kika goye ni, ke kika san yadda ake shawo kansa.

Taki har kullum,
Nazira

*

Tsamiyar Masaƙa, ta Minjibir, watan Zulƙida

Zuwa ga 'yata Nazira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta da kaina ba wanda ya taya ni, don ajin yaƙi da jahilci da na yi ba na banza ba ne. Muna lafiya. Zafi ya kai inda ya kai, an gama sharar gona, ana ta kai taki a kan jakuna, ido yana gabas.

Babanki Sammani ƙaba ce ke damunsa, in ji likitan Kano. Ya ce tiyata za a yi, kuma an sa masa rana bayan Babbar Sallah. Kada ki tambaye ni yadda na sha fama kafin ya yarda. Mutumin da ko allura sai an yi kamar za a ɗaure shi. Na zauna masa safe da yamma, na tuna masa Zulfa ba ta yi aure ba, na tuna masa ni ce babba kuma ban ba shi izinin riga ni tafiya ba. Daga ƙarshe ya ce to. Amma a tsorace yake, ina gani. Da ya ji za a kai takardunsa wurin likitar Legas, sai ya ce hakan ya yi, wai na can sun fi ganin ciki. Yanzu kullum sai ya tambaye ni ko 'yata ta aiko da amsa. Ga takardun nan a cikin leda, ki riƙe su da kyau.

Wannan gini naku kuwa, ni dai na ce mai shi ƙarfinsa ne ya ƙare kafin a zo fenti, ya rasa yadda zai yi, ya ce salo ne. Mai zanen ma haka. Mun tura ki birni ki koyo abin da za ki zo ki rufe bakin matan garin nan, sai ki ce kin gano katangar zaure? Ai da kin zauna a gida, kullum tana nan kyauta. A nan in aka ga namiji da riga ba aiki a wuya, cewa za a yi bai da kowa. Amma ke kin fi ni sanin abin da kike yi, ko dai in ce haka nake fata.

Saƙa kuma kin samu. Ban roƙe shi ba, don in an roƙe shi ƙi yake. Cewa na yi a gabansa, ina tankaɗe, wai a Legas an ce yanzu ba sauran mai iya farar saƙa marar ratsi a ƙasar Kano. Washegari sai na ji ƙarar ƙoshiyar saƙa a ƙarƙashin tsamiya. Da ciwon da komai ya zauna, in ya gaji ya kwanta a tabarma, in ya huta ya koma. Da ya gama ya naɗe ya ajiye mini a bakin ƙofa, ya ce, "Ga wannan, ko 'yarki za ta yi wani abu da shi." Kin dai san shi.

Ki riƙa cin abinci. Hoton da kika turo wa Zulfa duk wuya ne.

Gwaggonki,
Hure

*

Legas, farkon Zulhajji

Gwaggo,

Assalamu alaikum, da fatan kowa lafiya, Baba kuma da sauƙi. A tsaye nake rubutun nan, Dabo ya sayar da ragunansa yana ta yi mini tsawa motarsu za ta tashi.

Ba zan samu zuwa Sallah ba, aiki ya yi mana yawa. Raina bai so ba. Ga ƙunshi nan, na Baba ne, daga saƙarsa na yi. Ban taɓa yin abin da na zuba zuciyata a ciki kamar wannan ba, har kuka na yi da na gama. Abin da bakina ba zai iya faɗa masa ba, wannan zai faɗa. Ki ba shi a hannunsa, ki ce daga ni ne.

Sauran magana sai takarda ta gaba. Ku yafe mini.

Nazira

*

Legas, bayan Sallah

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, ko da ta wuce. Ina fata kun ci nama lafiya, kuma Baba yana samun sauƙi.

Gwaggo, laifin me na yi? In na kira, Zulfa ta ce kina bayan gida, ko kin tafi unguwa, ko kina salla. Sallar nan ba ta ƙarewa ne? Ita kanta Zulfa muryarta ta canza, da na fara magana sai ta ce caji zai ƙare. Na gaya mata likita ta duba takardun Baba, ta ce abin ba mai tayar da hankali ba ne, a yi tiyatar kawai kada a ja lokaci. Sai Zulfa ta ce, "To, Yaya, mun gane," ta kashe. Me kuka gane?

Ba wanda ya ce mini komai game da rigar. Baba ya sa ta zuwa idi? Ta zauna masa a kafaɗa? Ina ta ƙiyasta shi a cikin sahu, kowa da ƙyalƙyalinsa, shi kaɗai fari sol, saƙar hannunsa tana shan rana. In ba ta yi masa ba ki faɗa mini, ba zan mutu ba. Shirun ne ba na iya ɗauka.

An yi tiyatar? Ya jikin? Zan bar takardar nan wurin mutanen Dabo a kara, kasuwar dabbobi, duk mai tafiya gida ya taho da ita.

Nazira

*

Tsamiyar Masaƙa, watan Muharram

Nazira,

Wa alaikumus salam. Muna nan da rai. Ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa a gonar kowa. Takardarki ta daɗe a hanya, don da raguna suka ƙare masu zuwa Legas suka ɗauke ƙafa. Jiya ta iso. Na karanta har na zo inda kike tambaya ko ya sa ta zuwa idi, sai takardar ta faɗi daga hannuna. Idi, Nazira? Riga ce?

Bari in gaya miki abin da kika aiko, tunda ga alama ba ki sani ba.

Dabo ya iso ana jibi Sallah. Babanki yana kwance a rumfar tsakar gida, liman da dattawa biyu sun shigo dubiya. Da ya ji saƙo daga Legas har tashi zaune ya yi, ya ce in buɗe a nan, don amsar likita yake jira. Na karanta 'yar takardarki a fili. Ba likita a ciki, sai ba za ki zo ba, sai kin yi kuka, sai a yafe miki. Sannan na jawo ƙunshin. Farin ƙyalle, an ɗaure shi wuri uku da siririn yankin yadin kansa, sama da tsakiya da ƙasa. Na kwance, ƙanshin kafur ya bugi kowa. Ga kwalbar turare. Ga doguwar riga fara, ba aljihu, ba aiki, ba kalmasa, wuyan tsaga ce kawai aka yi. Ga mayafi fari. Ga wani dogon ƙyalle na naɗawa a ka.

Ni ce nake wanke matan garin nan in sun rasu, shekara da shekaru. Ba wanda zai koya mini kamannin likkafani. Kuma kafin yadin kanti ya zo, da irin wannan farar saƙar ake rufe iyayenmu. Liman ya sunkuyar da kai. Innarki ta toshe baki da zane ta shige ɗaki.

Babanki ne kaɗai bai girgiza ba. Ya shafa rigar, ya ce, "Alhamdu lillahi. Hure, 'yarki ta yi hankali. Ta ji abin da likitar can ta ce, ta rasa bakin faɗa." Ya naɗe da kansa, ya sa a ƙarƙashin matashinsa.

Ranar tiyata ta zo, ya ce ba inda za shi. Ya ce, "A kan me za a farke ni, in je gaban Ubangiji da ɗinki?" Ya kira wani tsohon yaronsa daga Tofa ya ba shi kayan saƙarsa duka. Gonar bayan gari ya ba maƙwabci aro, an shuka gyaɗa. Yana bin gida gida da sanda yana neman gafarar mutane. Saƙon da kika ba Zulfa ya iso, amma wa ya taɓa gaya wa majinyaci gaskiya da baki? Kowa cewa yake da sauƙi. Mun ɗauka irin wannan ce. Ita kuma ta yaya za ta tambaye ki, yana kwance yana jin duk abin da ake faɗa a waya?

Ni ma na yarda, shi ya sa na ƙi muryarki. Na ce yarinyar da na goya ta aiko wa ubanta wannan a hannun mai raguna, ta kasa tako ƙafarta. A rijiya kuwa ba irin sunan da ba a kira ki da shi ba. Yanzu ban san wanda zan yi fushi da shi ba, kuma fushin bai tafi ba. Ki ba ni amsa da gaggawa, kada ki jira Dabo.

Hure

*

Legas, watan Muharram

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Ya jikin Baba? Direban motar Kano zan ba wannan, ya yi alkawarin sa ta a motar Minjibir.

Wallahi, Gwaggo, riga ce. Rigar idi na ɗinka wa ubana. Kafur na zuba don garin nan danshi gare shi, asu da fumfuna ba sa barin kaya. Turaren na Sallah ne. Mayafin na kafaɗa ne, dogon ƙyallen kuma rawani ne. Ɗaurin nan uku, haka muke ƙunshe wa manyan masu saye kayansu, don mun ce leda ba ta dace da aikin hannu ba. Ban yi kalmasa ba saboda bakin saƙar Baba ya fi duk kalmasar da zan iya yi kyau. Ban sa aljihu ba don kada ya karya layin gaba. Kuka kuwa na murna ne.

Ban taɓa ganin likkafani ba. Duk mutuwar da aka yi a gidanmu kora mu kuke yi gidan maƙwabta, ku ce ba wurin 'yan mata ba ne, daga nan kuma na tafi makarantar kwana. Ba don in wanke kaina na faɗa ba. Na yi watanni ina cire wannan, ina cire wancan, ina jin daɗin kaina, ban tsaya na tambayi abin da zai rage in an cire komai daga rigar mutum ba. Kuma amsar likita tana hannuna ranar da Dabo zai tashi. Layi ɗaya ne da na rubuta, sai na cika takardar da zancen zuciyata.

Ga takardar da likitar ta rubuta da hannunta, a kai wa malamin asibiti na Minjibir ya fassara wa Baba. Ki karanta masa wannan tawa ma, duk kunyar da za a ji a ji.

In bai yarda ba, ki ɗauki rigar ki kai wa Sabiru mai keken surfani a kasuwa. Ya yi mata aiki mafi nauyi da ya iya, ya cika wuya da ƙirji, ya sa mata ƙaton aljihu. Ya yi mata duk abin da zai sa makaho ma in ya shafa ya san rigar mai rai ce. Ban damu da salona ba, ya ƙone.

Akwai kayan wata amarya a hannuna, uwar ɗakina ta ce in na miƙa su sai in tafi. Da na gama zan kamo hanya.

Ki yafe mini, wannan karon da dalili.

Nazira

*

Tsamiyar Masaƙa, watan Safar

'Yata Nazira,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa kullum, har katangar bayan gida ta zube. Jikin babanki yau da daɗi gobe babu, ya rame, amma yana cin tuwo.

Na karanta masa takardarki tun daga sama har ƙasa, yana kallon gefe kamar ba da shi ake ba. Da na gama ya ce, "Yarinyar kirki ce. Ta ji an ce hankalina ya tashi, me kike so ta ce?" Malamin asibiti ya zo har gida ya fassara masa ta likita. Ya yi masa godiya, ya sa aka kama masa zakara, bayan ya fita ya ce, "Shi ma an roƙe shi." Na rantse masa, ya ce in daina rantsuwa a kan abin da ban gani ba. Ban taɓa jin ina so in mari mutum mai furfura ba sai ranar.

Don haka na yi sata da tsufana. Ya shiga wanka, na zare ƙunshin, na cusa tsohon zanena a wurin. Na bi ta cikin taɓo har bakin titi na hau mota. Sabiru ya buɗe rigar ya dube ni, na ce in ya furta abin da ke bakinsa sai na kifar masa da keke. Ya yi mata aikin aska biyu da zare ruwan ƙasa, ya zagaye wuya, ya ɗora aljihun da zai ɗauki ƙwaryar goro. Mayafin da ɗan ƙyallen kan na ɓoye su a ɗakina.

Kafin in karɓo ta babanki ya gano. Gidan nan ya ɗauki zafi, ya ce na taɓa masa kayan tafiyarsa, ya daina amsa gaisuwata. Da na kawo na shimfiɗa masa a cinya. Ya daɗe yana kallo. Can ya zura hannu a aljihun har wuyan hannu, ya ce, "Ita ta ce a yi haka?" Na ce ita ta ce. Ya ce, "Ta yarda a hau aikinta da keke?" Na ce ta ce ya ƙone ma. Sai ya ce, "To lallai riga ce." Nazira, sai ga shi yana dariya har yana riƙe ciki, ni kuma ina kuka kamar wata sakara.

Mun koma Kano. Sun yi mana faɗa, sun ce ranarsa ta wuce, masu jira suna da yawa, sai bayan Mauludi. Sun ce kada ya ɗaga abu mai nauyi, in ciwon ya murɗa a kawo shi ko wane lokaci ne. Saura kaɗan. Ki gama da amaryar taki ki taho, kuma ki taho da bakinki, don akwai matan da nake so ki gaisar mini a rijiya.

Gwaggonki,
Hure

*

Tsamiyar Masaƙa, da kaka

Zuwa ga 'yata Nazira,

Assalamu alaikum. Ina fata kin koma lafiya, ya ƙarin haƙuri? Mu ma muna nan muna yi. An yi sadakar arba'in, mutane sun watse, gidan ya yi faɗi. Innarki tana cikin takaba, tana gaishe ki. Zulfa ta ce kin daina ɗaga waya. Kada ki ɗauki halina, bai amfane ni da komai ba.

Kwanakin da kika yi a nan ba mu samu kanmu ba. Kin iso an riga an kai shi, kika zauna a ƙuryar ɗakina kina karɓar gaisuwa da kai a ƙasa, in na buɗe baki sai wata ta yi sallama. Ga shi akwai abin da ban iya faɗa miki ido da ido ba.

Kin ji yadda aka yi, amma a bakin mutane da yawa. Ciwon ya murɗa masa ana sauran 'yan kwanaki ranarsa ta zo. Ruwa ya cinye hanyar garinmu, sai a amalanke muka fitar da shi titi. An yi tiyatar, likita ya ce hanjin ya riga ya lalace. Na tambaye shi ko da an yi tun bayan Sallah da ya tashi, ya ce rai na Allah ne. Ban sake tambaya ba, don na ga fuskarsa. Kin ce mini da ba ki tsaya kayan amarya ba da kin same shi. Haka ne. Ni ma da na ɗaga wayarki tun farko da ba a kai ga haka ba. Shi ma da ya iya buɗe baki ya tambayi 'yarsa. Kowa ya riƙe nasa, ba mai iya ɗaukar wa wani. Likkafaninsa alawayyo ne, a kasuwar Minjibir aka yanko, kamar na kowa.

Ya sa rigar, Nazira. Sau ɗaya. Juma'ar ƙarshe kafin ya kwanta, ya ce a ɗauko masa. Na ce ina za ka da wannan jikin? Ya ce akwai bakunan da zai rufe. Aka ɗora shi a babur har masallaci, ya zauna a sahun gaba, bayan an idar ya ƙi tashi sai da kowa ya zo ya gaishe shi ya gani. Duk wanda ya yaba sai ya ce, "Daga Legas aka aiko. 'Yar Hure ce ta ɗinka." Tun daga ranar ban sake jin sunanki a rijiya ba sai da alheri.

Da ya dawo ya tuɓe ta, ya juya cikinta waje, ya zauna a bakin rumfa inda haske yake. Yana bin haɗin fallayen saƙar, ƙwarya da ƙwarya, da ɗan yatsa, inda kika ɗinke da hannu. Sannan ya juyo ta, ya dubi aikin Sabiru, ya yi tsaki. Ya ce, "Hure, kun ɓata wa yarinyar nan aiki." Na ce kai ka ja, da wa za a yi? Bai kula ni ba. Ya ce, "Tun ina saurayi nake saƙa, duk wanda ya saya sai ya kai an rufe ta da zare. Ita kaɗai ce ta ga saƙar ta isa a kalle ta haka nan." Ya naɗe rigar a hankali. Ya ce, "In an gama yankan nan zan aika Tofa a dawo mini da kayana. Zan saƙa mata wata, ta sake ɗinkawa yadda ta so. Wannan karon kowa ya taɓa sai mun ɓata."

Ya ce kada in gaya miki, sai ya gama a ba ki kawai.

Da aka zo rabon kayansa na ce rigar taki ce, ba wanda ya musa. Na zauna da reza zan warware miki surfanin, na cire kaɗan a gefen wuya, sai na ga keken ya huda saƙar ta yadda ba za ta koma ba, na bari. Ga ta nan na ba Dabo. Na zazzage adakarsa har ƙasa ko zan samu sauran farar saƙa in haɗa miki. Babu, ko taƙi ɗaya.

Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Gwaggonki,
Hure